A'a, Malam, Tsohon Lebur Bai Cancanci Juji Ba

Kwanan baya wata maƙala ta zo hannuna, wadda wani malami ma'abocin alƙalami ya rubuta a kan kayan aikin magina da kafintoci, kuma da yake mutum ne mai fasahar zance, wanda ya san inda ake sa wa magana gishiri, na karanta ta har ƙarshe ba tare da ƙosawa ba, ko da yake tun kafin in kai tsakiyarta na tabbata ba za mu kwana a ra'ayi ɗaya ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, duk maginin da kwalbar tsohon lebur ɗinsa ta fashe, ya kama yawon neman wadda zai mayar, to ya haɗa wa kansa hasara biyu, ta lokaci da ta dukiya, domin a faɗarsa kamfanonin da suka ƙera waɗannan kaya sun daɗe da shuɗewa, kayan gyaransu sun yanke, ga kuma sabo nan jibge a kasuwa wanda kuɗinsa bai kai kuɗin motar zuwa neman gyaran ba. Har ya ƙara da cewa wayar hannu ma yanzu tana yin wannan aiki, saboda haka, wai, riƙo da tsohon katako mai bakin tagulla begen zamanin Turawa ne kawai da aka lulluɓe da rigar tattali.

Ni mutumin Sarandosa ne ta ƙasar Maiyama, kuma ko da yake ban taɓa cin abinci da cokalin gini ba, na tashi cikin magina, na zauna da su a gindin aiki tun lokacin da galibin gidajenmu na laka ne har zuwa yau da bulo da siminti suka soma rinjaye, samarinmu kuma suna tafiya Jega da Aliero neman aikin gini, musamman tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero cikin 2006, gine-ginen ɗakunan haya suka yawaita. Saboda haka na ga wajibi ne in mayar da martani, cikin ladabi da insafi, domin maganar mai ilimi tana da nauyi a kunnen yara masu koyon sana'a, idan kuwa ta karkace, sukan karkace tare da ita.

Insafi ya hukunta in fara da abin da malam ya faɗa daidai. Gaskiya ne kamfanin John Rabone, wanda sunansa ke buge a tagullar da yawa daga tsofaffin leburorin da ke hannun dattawan magina, wanda kuma asalinsa ke komawa 1784 a birnin Bamingam ta Ingila, ya haɗe da na Chesterman na Shafil cikin 1963, daga bisani kuma kamfanin Stanley na Amurka ya haɗiye su duka biyun. Wanda ya rubuta takarda zuwa Bamingam yana neman kwalbar lebur ɗin da aka ƙera tun kafin samun 'yancin kai, zai daɗe yana jiran amsa. Gaskiya ne kuma cewa mutumin da zai aika kuɗi ƙasar waje saboda 'yar kwalba guda, bayan irin faɗuwar da naira ta yi tun daga 2023, ya kusa shiga sahun waɗanda malaman fiƙihu ke kira safihai, waɗanda alƙali ke hana wa taɓa dukiyarsu. Duk wannan na sallama. Inda muka rabu shi ne natijar da malam ya fitar daga wannan muƙaddima, domin ya yi wa lebur ƙiyasi da injin mota, wanda in wani ƙarfe nasa ya mutu, dole sai irinsa mai lambarsa, alhali kuwa illar da ta sa hukuncin ya tabbata a can babu ita a nan.

Bari mu ɗauki abin a hannu mu duba. Tsohon lebur na ƙafa biyu guntun katako ne mai nauyi, galibi dangin maɗaci, wanda aka feƙe fuskokinsa suka miƙe, aka naɗe bakunansa da tagulla don kada su cinye in an dinga dangwara shi a kan bulo. A tsakiyar bayansa an huda rami, an kwantar da 'yar kwalba mai tsawon kamar gaɓa biyu ta yatsa, an rufe ta da falle na tagulla mai taga, wanda 'yan ƙusoshin murɗawa suka riƙe. Kusa da baki ɗaya akwai wata kwalbar a gicciye, wadda da ita ake duba tsayuwar bango. Cikin kwalba akwai ruwa mai launin ɗorawa ko kore, wanda ba a cika shi fal ba, aka bar gurbin iska, shi ne kumfar da magini ke kallo. Kwalbar nan kuwa, ko da ido na ganin ta a miƙe, tana da ɗan doro, kuma da yake ɗabi'ar iska ce ta nemi wuri mafi bisa cikin ruwa, kumfa ba ta tsayawa tsakanin zane biyun da ke jikin kwalbar sai in tsakiyar doron ita ce mafi tsawo, wato sai in katakon ya kwanta daidai. Iyakar sirrin ke nan, ba waya, ba haƙori da ke cizon wani haƙori. Ruwan da ke ciki kuma sinadari ne mai saurin gudu wanda ba ya daskarewa da sanyi, a tsofaffi galibi dangin barasa, a da yawa daga na yanzu dangin man fetur; wasu masu tsantseni sukan yi tambaya a kan tsarkinsa, wannan kuwa mas'ala ce ta malamai, magini dai yana ajiye kayan aikinsa kafin ya je alwala.

Wani Bafaranshe ne mai suna Thévenot ya ƙago wannan dabara wajejen 1661, kuma tun daga ranar har yau ba ta zama mallakar wani kamfani shi kaɗai ba. Kamfanin Stanley mai yin ma'aunai, wanda aka kafa cikin 1857, da na Rabone, da na Stabila na Jamus wanda ya soma cikin 1889, da masana'antun Sin masu cika kasuwanninmu a yau, duk kumfa ɗaya suke tsarewa cikin kwalba, kuma kumfar ba ta san sunan da aka buga a jikin katako ba. Saboda haka cewar kayan gyara sun yanke magana ce da ba ta tabbata ba, domin abin da ke fashewa cikin tsohon lebur, sau tara cikin goma idan an yarda in yi magana irin ta kasuwa, kwalba ce, kwalba kuwa har gobe ana yin ta, har ma akwai masana'antu a Ingila da Jamus da Sin da ke sayar da ita zallanta ga duk mai so.

Sharaɗi ɗaya ne ke kan mai neman kwalba bayan tsawo da kauri, kuma shi ne wanda na yi mamakin yadda malam, da ya yi ta ambaton kimiyya, bai ko taɓo shi ba: gwargwadon doronta. Idan doron ya yi yawa, kumfa takan yi nawa, sai an karkata katako sosai kafin ta gusa. Idan ya yi kaɗan ainun, takan yi rawar kai, ta ƙi tsayawa, har ta hana magini sakat. Hisabin ba mai wuya ba ne. A ƙaddara doron kwalba yanki ne na da'ira wadda nisan tsakiyarta zuwa bakinta mita ɗaya ne. To idan bango ya sauka da milimita 2 cikin kowace mita, kumfa za ta gusa da milimita 2, ido kuwa yana ganin wannan. A ƙaddara kuma wata kwalbar nisan tsakiyar da'irarta zuwa bakinta santimita 20 ne kacal. To ita sai bango ya sauka da santimita guda cikin kowace mita kafin kumfa ta yi wannan gusawa ta milimita 2, wanda ke nufin a bangon mita 6 magini na iya yin kuskuren yatsu uku yana kallon kumfa kusa da tsakiya yana hamdala. Mai gyara na ƙwarai yakan san wannan ko da bai san lissafin ba, domin zai sa kwalbar a kan katako, ya cusa ashana ko tsabar kuɗi ƙarƙashin baki ɗaya, ya ga ko kumfa ta ji.

To ina ake samo ta? A nan ne na ga alamar malam ya rubuta maƙalarsa bai shiga kasuwar ƙasar nan da idon mai neman gyara ba. Kasuwar Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon shekarun 1820 a bakin gulbin Zamfara, ta shahara tun zamanin fatake da cewa abin da aka rasa a wani wuri a nan ake tarar da shi, kuma har yau wanda ya san layin masu tsofaffin kaya da 'yan gwangwan ya san ba a rasa gawar lebur a cikin tarkacensu. Abin da zai ba malam dariya, in ya yarda ya yi, shi ne sabbin leburorin nan na alminiyan da yake yabo su ne babbar ma'adanar kayan gyaran tsofaffin, domin jikinsu ne ke saurin lanƙwashewa, bulo ɗaya ya faɗo a kai ko amalanke ta taka, an gama, alhali kwalabensu biyu ko uku suna nan lafiya lau. Akwai kuma ɗan ƙaramin lebur da ake ratayawa a igiya, wanda kusan duk jikinsa kwalba ce. Wanda ya matsa wa kansa sai ta gilashi, irin ta asali, yakan yi sallahu ga mai zuwa Sakkwato, ko mai zuwa Kano ya duba masa a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, abin da ba ya bukatar kuɗin mota, sai dai haƙuri da goron godiya. Falle na tagulla kuwa, in shi ne ya ɓace, kowane maƙerin fari zai yanko shi daga tsohon faranti ya huda masa taga, ƙusoshinsa kuma suna cikin gwangwanin kowane mai gyaran rediyo ko agogo.

Na taɓa zama a rumfar wani dattijo mai gyaran sikeli da agogo a Jega ina kallo yana yi wa wani magini na garinmu wannan aiki, kuma zan bayyana shi dalla-dalla, don mai karatu ya auna da kansa ko abu ne da ya cancanci a kira shi wahalar banza. Ya kwance ƙusoshin nan da 'yar sukundireba, ya zuba su cikin murfin kwalba don kada su ɓace, ya ɗaga fallen, sa'an nan ya sa bakin basilla ya dinga ƙwaƙular farin abin da ke riƙe da bakunan tsohuwar kwalba, yana hurewa, har ramin ya fito fes. Farin abin nan jibsi ne, garin da ake yin silin da shi yanzu, wanda kuma da shi ake ɗaure karaya a asibiti, kuma masu ƙira na farko sun zaɓe shi da gangan, saboda yana riƙewa da kyau amma yana yarda a farfasa shi in bukata ta taso. Sai ya yanko 'yar farar takarda ya shimfiɗa a ƙasan ramin don kumfa ta fito sosai a ido, ya dama garin da ɗan kauri, ya ɗiga a kowane gefe, ya kwantar da sabuwar kwalba, ya juya ta a hankali har doronta ya fuskanci sama. Tun kafin wannan ya riga ya daidaita wani faffaɗan gilashi a kan teburinsa, ya tabbatar da kwanciyarsa, a kai ya ɗora katakon. Daga nan sai aikin tsinken ashana: ya danna wannan baki kaɗan, ya jira kumfa ta natsu, ya danna wancan, duk cikin 'yan mintocin da garin bai kama ba, ba ya magana, ba ya amsa sallama sai da kai. Da ya bushe ya gwada, ya ga ta kauce da kamar kaurin zare, bai yi wata-wata ba ya sake farfasawa ya sake damawa. Mutanen Aliero, waɗanda duk Arewa ta san su da ɗori, za su gane wannan aiki da kallo ɗaya, domin su ma sun san ɗaurin da ya kama a karkace gara a sake shi tun da ɗanye.

Gwajin da ya yi shi ne zuciyar wannan mas'ala gaba ɗaya, kuma rashin ambatonsa shi ne babban giɓin maƙalar malam. Lebur shaida ne, magini kuwa alƙali ne da ke hukunci da abin da ya faɗa masa, kuma sananne ne a shari'a ba a karɓar shaida saboda kyawun rigarsa ko ƙuruciyarsa, sai an yi masa tazkiya. Tazkiyar lebur kuwa ba ta bukatar kome sai shi kansa. A ɗora shi a kan kowane dakali, ko da dakalin bai daidaita ba, a zana inda bakunansa suka tsaya, a duba inda kumfa ta zauna, sa'an nan a juya shi, bakin gabas ya koma yamma, a mayar da shi kan zanen. Idan kumfa ta koma daidai inda take da farko, ta gefen dakalin da ta nufa da farko, lebur adali ne, laifin na dakali ne. Idan ta sauya magana, to ƙarya yake yi, kuma rabin bambancin da ke tsakanin maganganun nan biyu shi ne gwargwadon ƙaryarsa. Haka ake yi wa kwalbar tsaye a jikin bango. Na tambayi maginin nan, wanda ya girme ni nesa, shekarun lebur ɗinsa, sai ya ce, "Malam, wanga ba a tambayar shekarunai, juya shi a ka yi." Dattawan magina har suna da wata dabara, in za su bi doguwar shimfiɗa, sukan dinga juya lebur a kowane taki, don in akwai ɗan kuskure, na wannan taki ya cinye na wancan maimakon su taru.

To yanzu sai mu tambayi malam: idan sabon lebur na araha ya faɗi wannan gwaji, me za a yi masa? Kwalbarsa an cusa ta cikin roba, an manne da gam a masana'anta, ba ƙusa, ba falle, ba ƙofar shiga, jikinsa kuma siririn alminiyan ne wanda in ya lanƙwashe ba ya komawa. Iyakarsa a jefar a sayi wani, wanda shi ma ba a san halinsa ba. Duk wanda ke shakka ya tsaya gaban tebur ɗin mai sayarwa ya jera guda biyar a kan katako ɗaya ya duba ko bakinsu zai zo ɗaya. Gani ya kori ji. Tsohon kuwa an gina shi a kan zaton cewa wata rana zai kauce, aka bar hanyar mayar da shi, har wasu na Stanley suna da ƙusa ta musamman wadda in an murɗa ta kwalbar ke ɗagawa ko sauka ba tare da an farfasa kome ba. Ba na musun cewa akwai sababbi nagari, waɗanda masu yin su ke lamunce cewa kuskurensu bai wuce rabin milimita cikin mita ba, kuma da za a ba ni zaɓi tsakanin irin waɗannan da tsohon katako da na yi jinkiri kafin in zaɓa. Sai dai kuɗinsu ba shi ne kuɗin da malam ya kafa hujja da shi ba. Ya ɗauko farashin mafi ƙasƙanci ya jingina masa amincin mafi daraja, wannan kuwa a ilimin manɗiƙi mugalaɗa ce, a kasuwa kuma an riga an gama magana da aka ce araha ba ta ado.

Batun waya ba zai tsayar da mu ba. Tsawonta bai wuce taƙi ba, bayanta yana da tudun kyamara, rigarta ta roba ce, kuma abin da ke auna karkata a cikinta shi ma sai an daidaita shi da wani abin da aka amince da shi. Ta isa a rataya hoto a bango. Ba ta isa ta haɗa bulo uku ta faɗi wanne ya ɗaga kai ba, kuma ban ga maginin da zai ɗora wayarsa a kan ɗanyen siminti sau ɗari a yini ba. Na'urar haske mai zana jan layi tana da amfani cikin ɗaki, amma tana cin batir, layinta na ɓacewa cikin ranar Maris da Afrilu ta ƙasar Kabi, ita ma kuma tana kaucewa, kuma in ta kauce ba mai gyaranta a Jega. Da malam ya ce tiyo mai haske da ake cikawa da ruwa ya fi lebur wajen ɗaukar daidaito daga wannan kusurwar fili zuwa waccan, da na ce ya yi gaskiya, kuma maginanmu suna amfani da shi; amma tiyo ba ya jera bulo, kamar yadda igiya mai dalma ba ta shimfiɗa daɓe.

Wataƙila mai karatu ya ce, duk wannan dogon bayani a kan kaurin zare? To kaurin zaren nan shi ne ke zama ruwan damina da ke kwantawa a tsakar gida ya nufi ƙofar ɗaki maimakon ya nufi rariya, shi ne ke zama ƙyauren da ba ya rufuwa, da lintar da ta ɗora nauyinta a gefe ɗaya, da kwatar da ke tura ƙazantar gida zuwa gindin katangar maƙwabci. Kuskuren milimita 2 cikin mita ya zama santimita 2 a ginin mita 10, kuma wanda ya biya kuɗin siminti, wanda tun 1967 ake sarrafa shi a Kalambaina ta Sakkwato amma bai taɓa zama mai araha ga talaka ba, shi ne zai zauna da wannan kuskure shekara da shekaru. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su ɗauki irin wannan da wasa ba. Ibnur Rami, wanda shi kansa magini ne a Tunis cikin ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake husuma a kansu, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, har da bangon da ya karkata da ruwan da ke cutar da maƙwabci. Ibnu Abdun na Ishbiliya, tun farkon ƙarni na 12, ya sa kula da girman tubali da katakon gini cikin aikin muhtasibi, mai sa ido a kan kasuwa da ma'auni. A nan gida kuma Daular Usmaniyya ta naɗa muhtasibi tun farkonta, Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ƙasarmu ke ƙarƙashin tutarsa, ya yi rubutu a kan hisba, kuma kowane almajiri ya san akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Muna tsananta wa mai sayar da gero in gindin kwanonsa ya lotsa, amma muna ƙyale maginin da bai taɓa juya lebur ɗinsa ba, alhali shi ma ijara aka yi da shi a kan aiki mai inganci, kuma jahiltar halin ma'auninsa ba uzuri ba ne tunda hanyar sani tana hannunsa.

Zargin begen Turawa kuwa, na ɗauke shi a matsayin ado na alƙalami. Ba wanda ya ce iyayenmu sun jira kwalba kafin su iya gini. Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da laka da azara da ido, Falke Barmu kuma ya soma masallacin Yama ta ƙasar Tawa cikin 1962 a kan wannan tafarki, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan cikin 1986. Laka tana yafiya, mai gini yana gyara ta da tafin hannu yana tafiya, kaurin bango yana shanye kuskure. Bulo na inci 6 da na inci 9 ba su da wannan afuwa, shi ya sa lebur ya shigo tare da siminti, ta hannun ma'aikatar ayyuka ta En'e da kantunan Kano da Gusau bayan jirgin ƙasa ya iso. Tunda mun karɓi bulo, mun karɓi ma'auninsa, kuma na Sin ɗin da malam ke so mu saya bai fi na Ingila zama ɗan gida ba. In ma akwai wanda ya zama namu a cikinsu, to wanda maƙerinmu ya yanka wa tagulla, mai gyaranmu ya dasa wa kwalba ne.

Akwai dai tsohon lebur da ba ya gyaruwa, kuma bai kamata son abu ya rufe mana ido a kansa ba. Katako yana shan laima da damina, ya bushe ƙayau da hunturu, kuma wanda aka bari a kan kwano cikin rana, ko aka jingine a bango shekara da shekaru, yakan yi baka ko ya murɗe. A ja zare daga baki zuwa baki a duba. Idan baka ne kaɗan, kafinta mai hannu zai iya feƙe shi, da sharaɗin fuskar sama da ta ƙasa su tafi tare, kuma a sake dasa kwalba bayan haka, domin tsohon dashen ya ɓaci da fiƙar. Idan murɗewa ce, ko gara ta shiga, to ya ƙare, sai a cire tagullarsa da kwalbar da ta rage a adana wa wani. Haka nan kumfar da ta dinga girma tana nuna kwalba na yoyo, ba ta da magani sai canji, saɓanin ɗan ƙanƙancewar da takan yi da tsakar rana, wanda kumburin ruwa ne saboda zafi, yana komawa da la'asar. Kuma wanda ya dasa kwalba da gam mai kama ƙarfe, saboda gaggawa, ya rufe ƙofar da masu ƙira suka bari a buɗe.

Abin da ke ƙaranci a ƙasar nan, wanda da malam ya kuka a kansa da na taya shi, shi ne hannun da ya iya dashen. Masu gyaran agogo suna ƙarewa tun da waya ta kashe kasuwar agogo, masu gyaran sikeli tsofaffi ne, kuma yaron da ya karanta cewa gyara wauta ce ba zai zauna ya koya ba. Aikin kuwa bai fi a koya wa mai natsuwa cikin yini guda ba, kuma sashen koyar da gini na kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da makarantun sana'a, da ƙungiyoyin magina na Jega da Aliero da Maiyama, kowannensu na iya sa shi cikin abin da ake nuna wa almajiri kafin a yaye shi, tare da gwajin juyawa, wanda ya kamata ya zama farillar kowace safiya kafin a ɗora bulo na farko.

Shi kuma malam, ina gayyatarsa Jega duk ranar da ya sami sukuni. Ya sayi sababbi uku daga teburin da ya ga dama, da kuɗin da ya ambata a maƙalarsa, ni kuma zan aro tsofaffi uku da aka dasa wa kwalba a hannun maginan Sarandosa, mu jera su shida a kan dakali ɗaya gaban shaidu, mu juya kowanne, ya rubuta abin da ya gani a shafin da ya rubuta na farko. Kuɗin motarsa na zuwa da komawa yana wuyana.